Girar Malam Maliki

Duk wanda ya san Malam Maliki a Tsamaye, girarsa ya fara sani kafin muryarsa. Tun yana da ƙarfinsa ba mutum ne mai yawan magana ba. Ka zo masa da zance, in ya yarda ya ɗage gira, in bai yarda ba ya haɗe ta, kai kuma ka nemi takalmanka. Da gira yake cinikin gero a kasuwa, da gira ya tsawata wa 'ya'yansa har suka girma. Matarsa Inna Kadijatu ta sha faɗa a gidan biki cewa ko lokacin da yake zuwa zance wurinta, maganar bakinsa ba ta cika ludayi ba, sauran duk gira ce ta yi.

Da samartaka baƙa ce wuluk, a kwance luf. To amma girar namiji ba ta tsufa yadda gashin kai ke tsufa. Kan Malam ya yi sanƙo, ita kuwa gira kamar yanzu aka ce ta fara. Ta yi kauri, ta yi tauri, furfura ta shige ta ɗai-ɗai har ta cinye ta. Wasu gashin suka miƙe suka yi gaba, wasu suka lanƙwaso suna leƙen ido. Ta Inna Kadijatu kuma, wadda a da 'yan mata ke tambayar me take shafa mata, sai ta bi wata hanyar. Wutsiyar ta fara kakkaɓewa, tsakiyar ta yi shara-shara, har ya zama in ba ta ja kwalli ba goshinta fili ne fetal. Takan ce, "Tawa ce ta gudu ta koma wurinai. Komi nawa sai ya amshe."

Kowace Juma'a da hantsi takan zaunar da shi, ta ɗauko ɗan almakashin da ya sayo mata a Maraɗi tun tana goyon fari, ta rage masa waɗanda ke tsone masa ido, su kaɗai. A cikin ɗaki ake yi, an saki labule. Inna Kadijatu irin matan da ce, ba ta kama sunan miji, ba ta zama tabarma ɗaya da shi in da baƙo, balle wani ya ga hannunta a fuskarsa. Ibrahima wanzami ya shekara da shekaru yana aske masa kai yana gyara masa gemu, amma askarsa ba ta taɓa sauka ƙasa da goshi ba. Ya san iyakar gonarsa.

Sai ciwo ya zo. Shanyewar ɓarin jiki ce ta fara kayar da shi a gona, bai gama farfaɗowa ba ta sake dawowa ta kwashe sauran. Baki ya tafi, hannaye suka tafi, wuyan ma sai an tallafa da matashi. Yana ji, yana gani, yana haɗiyar kunu, hankalinsa garau. Abin da ya rage masa na magana shi ne abin da ya saba da shi, gira. Ita ma ɗan motsi ne ƙanƙane, a fata ba ka ganinsa. Amma kun san yadda kan gero ke rangaji ko da gindin karan bai motsa ba? To haka dogayen gashin nan suke. Fata ta ɗan ja kaɗan, bakin gashi ya yi rawa, Inna ta gane.

"Malam, a kawo kunu?" Fari ya yi sama. "Da tsamiya?" Fari ya yi ƙasa. "A maishe ka inuwa?" Haka suke wuni, tana zuba, yana amsawa, wani lokaci har gardama suke yi.

Akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba. Yanar ido ce ta rufe mata gani. Tsakar gidanta da ƙafa ta san shi, mutane da murya take shaida su, fuskoki duk sun zama kamar tukwane a cikin hayaƙi. Abu ɗaya take gani sarai, farin nan guda biyu a kan baƙin goshin Malam. Shi ya sa ta daina rage su, ta ajiye almakashi a ƙasan adaka. Wanda ya tambaya ta ce haka ta fi son su.

Ɗansu Abdulrazak, wanda ke aiki a Sakkwato, ya daɗe yana son kwashe su ya mai da birni. Ga asibiti kusa, ga hanyar ƙauye ba ta da tabbas, yau lafiya gobe a ji labari. Inna kuwa ta ce ko da igiya. Rumbunta, tumakinta, kabarin iyayenta, ta bar wa wa? Duk zuwan da ya yi sai ya durƙusa gaban uban ya tambaya, ita kuma ta leƙa ta ce, "Ya ce ba shi zuwa."

"Inna," in ji Abdulrazak wata rana, "ni fa abin na ba ni mamaki. Girar Baba ba ta taɓa saɓa maki ba ko sau guda."

"Shi mutum na mai hankali. Ba kamar wasu ba."

Bayan kaka, da aka gama ɗaure gero, Abdulrazak ya zo da niyyar a yi ta ta ƙare. Ya roƙi Baffa Alhassan, ƙanen Malam, ya tara liman da dattawan gida ranar Juma'a bayan an sauko, a tambayi Malam a gaban kowa, abin da ya ce shi ke nan. Inna ta ce ta yarda, don ta san abin da farin zai yi. Kafin ranar, ya ɗauki shatar mota ya kai uban Sabon Birni a auna masa jini. Inna ba ta bi su ba, mota na sa ta amai.

Da la'asar suka dawo. Abdulrazak da direba suka tallabo Malam suka kwantar da shi a kan gadonsa na kara a ƙarƙashin rumfa, sai ƙamshin hoda da turare ke tashi. Inna ta zo da kwanon kunu, ta durƙusa.

"Sannu Malam, kun sha hanya. A ba ka kunu?"

Ta jira. Ta matso. Ta karkata kai ta ɓangaren da idonta ya fi dama. Babu komai. Fuska baƙa sumul kamar gindin tulu.

Kwanon ya kusa suɓuce mata. Ta miƙe, ta nufi mutumin da ke tsaye kusa da ita, ta cafke masa riga.

"Ina girar? Kai, ina kak kai girar ubanka?"

"Inna, ni direba na," in ji mutumin, "ga ɗanki can."

Kowa ya ɗauka fushi ne ya rufe mata ido. Ta saki direba ba ko sannu, ta juya inda muryar Abdulrazak ta fito.

"Haba Inna, gyara na sa anka yi mai. Ibrahima wanzami ya kwana biyu bai zo ba, kai ya taru, gemu ya taru. Munka biya wani shago, na ce a gyara shi tsaf tunda ga taro Juma'a. Girar nan har cikin ido take shiga mai, kamar ciyawar bakin rijiya. Dube shi yanzu, ya koma yaro."

"Ya koma yaro! Yaro nika nema? Wa yac ce maka yaro nika nema? Ka ɗauki mutum da bakinai ka maido man shi ba baki, kana ce mani ya koma yaro?"

"Gashi ne fa Inna, tsirowa za shi yi."

"Ran Juma'a za shi tsiro? Girar tsoho ce, ba yakuwa ba ce da za ka tsinka yau jibi ta tohu!"

Abdulrazak ya ce abin mai sauƙi ne, ai ido na nan. Ya durƙusa ya ce, "Baba, in i ne ƙifta sau guda, in a'a ne sau biyu." Malam Maliki ya dube shi, kallo mai tsawo, sannan ya rufe idanunsa ruf. Bai buɗe ba sai da ya ji takun ɗan ya fita zaure. Tun daga ranar, da ya ji muryar Abdulrazak sai ya rufe ido.

Washegari gidan ya rikice. Ta ba shi kunun tsamiya, ya bar shi ya zubo ta gefen baki. Ta bar shi a rana har gumi ya jiƙa masa wuya, don ba ta san yana son inuwa ba. Ta tambaya, ta tambaya, fuskarta dab da tasa, shiru. Da azahar ta ɗaura mayafi, ta bar shi a hannun Larai matar Alhassan, ta hau kabu-kabu. Matar da mota ke sa wa amai, ga ta a bayan babur, ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, har Sabon Birni.

Ranar kasuwa ce, shagon a cike. Janareto na ruri a bakin ƙofa, samari sun jeru a benci kowa da waya a hannu. Mai shagon, wani Talha, magidanci ne mai tumbi, yana tsakiyar yi wa wani aski sai ya ga tsohuwa ta shigo har tsakiya ba sallama.

"Inna, nan wurin maza na. Wa kike nema?"

"Wanda yaa aske tsoho jiya. Wanda anka shigo da shi a tallabe."

"Ayya, Baba mai gira! Ni ne, Inna. Ya jikin nai?"

"Kashe wanga abu mai kuka in ji da kunnena."

Ya kashe kilifa, injin askin. Samari suka ajiye waya.

"Wa yab ba ka girar?"

"Ɗanai yac ce a gyara duka."

"Ɗanai ad da ita? Shi mai ita ka tambaye shi?"

"To Inna, ai ba shi magana."

"Kai da kake magana mi ka hwaɗi na kirki tun sahe? Kai, ko tunkiya za a yi wa sausaya ana duban inda za a kama. Ibrahima wanzami tun ba a haihe ka ba yake aske kan ga, bai taɓa ƙetare goshi ba. Kai rana guda ka samu inji ka bi ta kai kamar mai share gona!"

Wani saurayi ya ƙyalƙyale. Ta juya ta ɓangarensa. "Yi dariya, ɗan nan. Taka na nan tahe. Wata rana za ta yi hwari ta rufe maka ido, ka samu mai rage maka da hankali in kana da sa'a."

Talha ya ga abin na neman zama kallo, sai ya sassauta murya. "Ki yi haƙuri Inna, wallahi da kyakkyawar niyya na yi. Na so ma in ɗora mataji in rage sama-sama, to amma Baba bai tsaya ba. Da na kawo inji sai girar ta yi ta tsukewa, tana yin ƙasa, tana yin ƙasa. Na ce Baba saki huska, ya ƙi. Sai mataji yag goce, gefe guda yat tahi. To ba a barin guda, sai na daidaita."

Inna Kadijatu ta sake magana, amma muryar ta sauka har sai da na bakin ƙofa suka matso.

"Tana yin ƙasa, kac ce?"

"I, Inna."

"A'a shika ce maka. Bawan Allah na zaune kan kujerarka shina ce maka a'a, a'a, da iyakar abin da Allah ya bar mai. Kai kuma kana ce mai ya saki huska. Ɗanai na tsaye bisa kai shina latsa waya."

Ba wanda ya yi dariya. Talha ya dubi kilifar da ke hannunsa, ya ajiye ta a kan teburi. Ya ce zai biya mata kuɗin babur, ta ce ya riƙe ya sayi kunne. Ta fita, ta yi karo da bakin ƙofa, ta zagi ƙofar ita ma.

A hanyar komawa dabara ta zo mata. Tunda fari take gani, ai fari ba ya wuya. Da safe ta jiƙa farar ƙasa a murfin kwano, ta saki labule, ta dangwala yatsa ta zana wa Malam gira biyu. Tana cikin ja da baya tana dubawa Alhassan ya yi sallama ya ɗaga labule. Shi da ita dama ba a rabuwa lafiya, wasan ƙanen miji tun tana amarya.

"La'ilaha illallahu! Matata, mi za ni gani haka? Jinjirin suna kinka samu? Saura ki sa mai kwalli mu kira maroƙa."

"Fita mani, tsohon banza. Kai taka girar kamar ɓera ya ci ya rage."

"Ni dai tawa a wurinta take. Wagga guda ta hau goshi za ta Makka, guda kuma bisa fatar ido kinka aza ta." Ya yi dariya har da tari, amma da ya sake duban zanen, ya dubi ita, sai dariyar ta rage. Bai ƙara cewa komai ba, ya saki labule ya fita.

Zanen bai yi aiki ba. Farar ƙasa a kan fata take, ba ta da bakin da zai yi rawa. Ta tambaya, fari na nan daskare. Sai ta ji wani ɗumi ya gangaro ta gefen fuskarsa ya taɓa mata hannu.

"Yi haƙuri Malam. Na maishe ka abin dariya. Bari in goge."

Ta jiƙa bakin zane tana gogewa, babban yatsanta na bin ƙashin gira, inda guntayen gashi ke sukar ta kamar tushiyar kara. "Ka yi hushi da ni?" ta ce, don bakinta ya saba, ba don tana jiran amsa ba. Sai ta ji fata ta tsuke a ƙarƙashin yatsan. Ta tsaya. "Malam, a'a kac ce?" Fata ta ja sama.

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ranar Malam ya sha kunun da yake so, ya kwanta inda yake so. Sai dai duk a bayan labule. Da ta ji motsin mutum sai ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa. Liman ya zo da carbinsa, dattawa suka zauna, aka jingina Malam da matasai a tsakiya, an sa masa farar riga da hula. Inna ta zauna can nesa a bakin ɗakin girki, ta ja mayafi har goshi, yadda ya kamata.

Abdulrazak ya yi bayani, ya yi shi da kyau kuwa, don yaron ba mugu ba ne. Sannan ya durƙusa ya ce, "Baba, za ka bi ni Sakkwato?" Malam ya rufe ido. Alhassan ya gwada, liman ya gwada. Idon ya buɗe, amma duk suka zura wa goshin kallo ba wanda ya ga komai. Wani dattijo ya ce shi kamar ya ga motsi, wani ya ce ƙuda ne.

"To jama'a kun gani," in ji Abdulrazak. "Tunda Baba ba shi iya hwaɗi, nauyin ya dawo kanmu. Ni na yanke, jibi mota na zuwa."

"Ba shi iya hwaɗi?" Muryar daga bakin ɗakin girki ta taso. "Kai kac cire mai baki, sannan ka zo gaban liman kana ba shi iya hwaɗi?"

Ta miƙe. Ta tako tsakar gidan nan, ta ratsa tsakanin dattawa, ta hau tabarmar maza da ƙafarta, ta durƙusa gaban mijinta. Ta sa hannu biyu ta tallabe masa fuska, manyan yatsunta a kan gira. Liman ya sunkuya yana jan carbi da sauri. Wani dattijo ya ga ashe akwai abin kallo a saman rumfa. Larai da ke leƙe ta bayan danga ta kama baki. Kunnuwan Inna kamar su kama da wuta, amma ba ta janye ba.

"Ina jin shi da hannu. Tambaye shi."

Abdulrazak ya yi ajiyar zuciya. "Inna, da can ma ke kaɗai ka gani, yanzu kuma ke kaɗai ka ji. Mi za ki ce in ba a'a ba?"

"Na ce tambaye shi!"

"Baba, za ka Sakkwato?"

Fata ta ja sama.

Inna ta gyara yatsu, ta ce ko hannunta ne ya goce. "Malam, ji da kyau. Sakkwato yac ce. Birni. Ka bar gidan ga, ka bar gona. Za ka?"

Fata ta sake jan sama, a hankali, ta tsaya a can.

Duk rumfar ba wanda ya ga komai. Ita kaɗai ta ji, kuma kowa ya riga ya san abin da za ta ce. 

"Ya ce shina zuwa."

Abdulrazak ya ɗago kai kamar an mare shi. Ita kuwa ta manta da liman, ta manta da dattawa, ta rufe Malam da faɗa.

"Shina zuwa! Ni ina nan ina yaƙi da duniya saboda kai, na hau babur har Sabon Birni, na zubar da girmana gaban yaran mutane, ashe kai ka gama ƙulla kayanka! To hwaɗa mani dalili. Asibitinka kake so?" Ta saurara da yatsu. "A'a. Tsoron mutanen daji?" Ta saurara. "A'a. To abincina ya ishe ka? A'a. To don wa? Don wanga mai latsa waya? A'a. Don ni?"

Ta tsaya.

"Don ni, wai. Mi gare ni? Ƙahwata? Na hi ka ƙahwa. A'a. Bayana? A'a."

Daga nan tambayoyinta suka ƙare. Ta san wadda ta rage, kuma ba ta da niyyar yin ta. Kwanakin nan da ya yi yana ɗagawa yana haɗewa dab da hancinta tana kallon gefensa, ashe duk yana lura.

Alhassan ne ya matso. Wannan karon ba wasa a muryarsa. "Yaya, idonta ne?"

Fatar ta ja sama da ƙarfin da Inna ba ta taɓa ji ba tun da ya kwanta.

"Mi yac ce, matata?"

"Ya ce kai munahuki na."

"Ban da wannan."

Ta ja majina, ta goge fuska da kafaɗa don ba ta son sakin goshin. "Ya ce i."

"Idonki, Inna?" in ji Abdulrazak. Ya tuna direban da ta cafke. "Tun yaushe? Mi yas sa ba ki hwaɗa mani ba? Yanar ido ce? Ai aikinta ake yi a Sakkwato, mutum ya wayi gari shina gani!"

"In hwaɗa maka ka kai ni shago a aske man idon?"

Liman ya yi tari, wanda ba na mura ba. Abdulrazak ya rarrafo ya dafa ƙafar uban. "Baba, ka gafarce ni. Wallahi ban san abin da na yanke ba." Malam bai rufe ido ba wannan karon. Kowa ya dubi Inna.

"Bai ce komi ba tukuna," ta ce. "Shina tunani. Bar shi ya yi tunani, ka ji yadda jira yake."

Aka daddale sauran a nan take, duk ta bakinta da yatsunta. Gona ba za a sayar ba, Alhassan zai noma. Tumaki Larai ta riƙe, kuma Inna ta ce ta san su ɗaya bayan ɗaya ko da ba ta gani. Duk mai inji a Sakkwato kada ya kuskura ya wuce goshi. Liman ya shafa fatiha, dattawa suka fita da sauri fiye da yadda suka shigo.

Da rumfa ta yi fili, ta shiga ɗaki ta tono ɗan almakashin Maraɗi daga ƙasan adaka, ta ƙulle shi a bakin zane. Ta dawo ta durƙusa, ta mayar da yatsunta inda suke, ba ta ko damu da labule ba.

"Ka tona mani asiri gaban liman, ka ji daɗi. To ji nan. Zuwa za ni, tunda ka ce. Amma ba likitan da ka taɓa man ido sai wagga gira ta hito. Ba ni yarda in sha wuƙa, a kwance man bandeji, farkon abin da za ni gani ya zan huskarka sumul kamar ƙwaryar da anka kankare."

Fatar ba ta yi sama ba, ba ta yi ƙasa ba. Rawa ta kama yi a ƙarƙashin yatsunta, ƙanana-ƙanana, ba tsayawa. Inna Kadijatu ta san wannan tun tana budurwa.

"Dariya kake? Ni kake wa dariya? To yau kunun tsamiya za ka sha, in ga bakin da za ka ce a'a."